Haƙƙin Ido A Zamanin Waya: Tunatarwa Ga Ɗalibai Da Iyaye A Toranke Da Kewaye

Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicce mu, ya sanya mana ji da gani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Idan aka ambaci ido a kan mumbari, abin da ya fi zuwa zukatan jama'a shi ne runtse shi daga kallon haram, kuma hakan daidai ne. Sai dai ido yana da wani haƙƙin na daban, wato a kiyaye lafiyarsa, kada a gajiyar da shi fiye da ƙima. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ya lizimci azumi kullum da tsayuwar dare gaba ɗaya. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW), sai ya hana shi, ya gargaɗe shi cewa idanunsa za su zurma, ƙarfinsa ya ƙare. Sannan ya lissafa masa masu haƙƙi a kansa, ya ambaci jikinsa da iyalinsa da baƙonsa, ya kuma ware ido da sunansa. Mu lura da kyau, salla ce ta hana wannan sahabi barci. To, ina ga wanda ya kai ƙarfe biyun dare yana kallon TikTok?

A Toranke da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Ajingi da ƙasar Gaya, waya ta zama allo, ta zama littafi. Ɗalibin Islamiyya da ita yake muraja'a. Mai shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ake rubuta ta da kwamfuta kaɗai, da ita yake gwaji. 'Ya'yanmu da ke Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil ta WhatsApp ake turo musu darasi. Duk wannan alheri ne. Matsalar tana cikin yadda ake yin karatun. Yini ya tafi a gona ko kasuwa, wutar lantarki ba ta tsayawa, saboda haka karatun yakan faɗo cikin dare, a ɗaki mai duhu, a kwance, waya dab da hanci, baƙaƙe ƙanana kamar ƙwayar gero.

Likitocin ido sun bayyana abin da ke faruwa a wannan hali. Mutum yakan ƙifta ido kimanin sau 15 zuwa 20 a minti guda, kuma kowane ƙiftawa yana shimfiɗa ɗan ruwan hawaye a kan ƙwayar ido. Da zarar ya zuba wa waya ido, ƙiftawar takan ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka, sai ido ya bushe, ya yi ja, ya riƙa zogi kamar an zuba masa yashi. Abin ya fi muni a lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe, ƙura ta cika gari. Bayan haka, akwai wata 'yar tsoka a cikin ido da ke ɗaurewa duk lokacin da ake duban abu na kusa, ba ta sakewa sai an kalli nesa. Idan ta yi awa biyu a ɗaure, sai ciwon goshi ya taso, rubutu ya fara dishi-dishi, wani ma ya ga layi ɗaya ya zama biyu.

Amana ce mu faɗi gaskiya yadda take, domin tsoratarwa da ƙarya ba wa'azi ba ce. Wannan gajiya ba ta makantar da babba, hutu yana gusar da ita. Gilashin da ake tallatawa cewa yana tare shuɗin hasken waya ma, Ƙungiyar Likitocin Ido ta Amurka ba ta ba da shawarar a saye shi ba, ta ce gyaran ɗabi'a ya fi shi amfani. Wanda yake da dubu biyar ɗinsa, ya sayi fitilar sola da zai kunna a gefensa yayin karatu, ya fi masa.

Gyaran ɗabi'ar kuwa ba ya cin ko kwabo. Ƙa'idar da likitoci suka fi ambata ita ce, bayan kowane minti 20 a ɗaga kai a kalli abin da ke nesa da kamar mita 6, na tsawon daƙiƙa 20. Mahaddaci ba ya bukatar agogo don wannan. Izu guda a karatu matsakaici yakan ɗauki kusan wannan lokaci, don haka duk sa'ad da ya kai ƙarshen izu, ya ɗago ya dubi katangar gida ko darbejiyar ƙofar masallaci, ya ƙifta ido sosai, sannan ya ci gaba. Tsakanin fuska da waya ya kasance kamu guda, a ƙara girman rubutu, a daidaita haskenta da na ɗakin. Wanda yake da mus'hafi na takarda kuma rana ba ta faɗi ba, ya ajiye wayar. Almajirin tsangaya da allonsa a cinya, baƙaƙe manya, yana dubawa yana ɗagowa yana tilawa da ka, ashe yana hutar da idonsa bai ma sani ba.

Inda lamarin ya yi nauyi shi ne wajen yara. Idon yaro yana cikin girma, kuma yawan duban kusa tare da ƙarancin fita hasken rana yana da alaƙa da cutar rashin ganin nesa, wadda idan ta kama ba ta komawa, sai dai gilashi. Ƙasashen gabashin Asiya sun ɗanɗana kuɗarsu, har Taiwan ta umarci makarantunta a 2010 da su riƙa fitar da yara waje na minti 120 a kullum. Mu a karkara Allah ya ba mu fili da rana kyauta. Abin takaici ne uwa ta miƙa wa ɗan shekara ɗaya waya don ya daina kuka, ko uba ya bar yaro yini guda a ɗaki yana kallon katun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa guda a yini. Yaro bai san haƙƙin idonsa ba, mu da aka ba kiwonsa mu za a tambaya. Malamin aji ma ya sa ido, ɗalibin da ke matse ido ko matsowa gaban allo ba lallai dakiki ba ne, mai yiwuwa ba ya gani ne.

Idan ido ya yi ja, mutanenmu sukan garzaya kemis a ba su maganin ɗigawa. Wasu daga cikin waɗannan magunguna suna ɗauke da sinadarin da ke kashe kumburi nan take, amma yawan amfani da shi ba da umarnin likita ba yana iya haddasa hawan jinin ido, cutar da ke cinye gani a ɓoye, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Kwalli kuma, wanda sunna ta yaba shi ne ismidi. Da yawan wanda ake sayarwa a kasuwa yana ɗauke da dalma, gubar da muka ga ɓarnarta a kan yaran Zamfara a 2010, don haka kada a ranbaɗa wa jarirai abin da ba a san asalinsa ba.

Wanda ya huta amma ciwon kai ko dishi-dishin bai tafi ba, ko ya haura shekara 40 ya ga sai ya miƙar da hannu kafin ya karanta, ko a danginsa akwai wanda hawan jinin ido ya makantar, ya je a auna shi. Ya fara da Babban Asibitin Gaya, idan aka tura shi gaba, akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai Asibitin Ido na Makka da na ECWA a cikin birnin Kano. Wanda gani ya ɗauke masa farat ɗaya, ko ya ji ciwo mai tsanani tare da amai, kada ya jira ranar kasuwa, a kai shi a ranar.