A Tsabtace Matajin Miƙe Gashi

Ranar Litinin mu malamai mukan ga 'yan mata sun zo makaranta gashi a miƙe sumul, amma wata da tabon ƙuna a kunne. Sau da yawa laifin matajin ne.

In an ɗora matajin ƙarfe a kan risho, man basilin da ya maƙale tsakanin haƙoransa yakan ƙone ya zama baƙin danƙo. Shi ne ke riƙe gashi. Mai tajewa ta fizga, yarinya ta zabura, ƙarfe ya taɓa fata.

Maganin ba wuya. A bar mataji ya huce, a jiƙa haƙoransa cikin ruwan ɗumi da 'yar kanwa na minti 20. A goge da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye, a busar sarai. Mai aiki da lantarki kuwa, a zare wayarsa, kada a tsoma shi a ruwa. Tsumma mai damshi ya isa.

Kafin a taɓa kan yarinya, a gwada a farin ƙyalle. In ya bar baƙi, da sauran dauɗa. In ya babbake ƙyallen, zafi ya yi yawa.

Iyaye mata, wankin mataji ya fi jinyar ƙuna sauƙi.