Bi, Kora, Tsallaka: Ƙananan Kalmomin Turanci Masu Cin Kuɗin Mutanenmu a Dubai

Duk wanda aka haifa ko ya tashi a Dubai a cikinmu ya san wani aiki da ba a biyan albashinsa, wato tafinta. Da zarar kawu ko gwaggo sun sauka daga Kano ko Maraɗi domin saro kaya, kai za a tura ka raka su Deira, daga kasuwar Naif zuwa ta gwal, daga nan ofishin masu kago. Abin da na lura da shi a wannan aiki shi ne, manyan kalmomin Turanci ba su cika ka da mutanenmu ba, domin idan ba su gane ba tambaya suke yi. Masu ka da su ƙanana ne, waɗanda kowa ke ganin ya haddace tun firamare: follow, chase, pursue da cross.

Mu fara da "bi". Wannan kalma tamu jaki ce wajen ɗaukar kaya. Ka bi hanya, ka bi liman, ka bi doka, ka bi sawu, ka bi bashi. Follow tana ɗaukar wasu daga ciki, shi ya sa follow the road da follow the rules duk daidai ne. Amma a wajen bashi sai ta ajiye kayan ta gudu. Na taɓa jin wani dattijo yana ce wa Ba'indiye mai shago "I am following you five thousand", shi kuwa ya saki baki yana kallonsa. A Turanci, idan mutum ya ce I follow you a tsakiyar magana, nufinsa "na gane abin da kake faɗa".

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne mai ɗan boko da ya ji an ce owe ce kalmar bashi, sai ya ɗora ta a gurbin "bi". A Hausa mai kuɗi ne ke bi, a Turanci kuwa wanda ake bi ne ke owe. To ka ga idan Alhaji ya rubuta "I owe you 5,000" a WhatsApp yana nufin "ina bin ka", wallahi ya rubuta da hannunsa cewa shi ake bi. Daidai shi ne You owe me. Ku duba wayoyin iyayenmu kafin su tura irin wannan saƙo.

Akwai kuma follow irin ta Najeriya. A gida idan an ce "follow me to the market", rakiya ake nufi. Faɗa wa Bafilifine haka, sai ya koma bayanka yana tafe. Come with me ita ce ta rakiya. Idan kuma kayanka sun makale a kago kana son jin labarinsu, sai ka ƙara up, ka ce I am following up on my goods. Wannan ita ce bibiya.

Sai chase. Yawancinmu "kora" muke fassara ta, alhali kora nesanta abu ce daga gare ka, ita kuwa chase bin abu ce da gudu domin ka kama shi. Sai an ƙara away ko out take zama kora. Saboda haka idan akawu ya ce yana chasing the payment, kuɗin yake fafutukar karɓowa. Wanda aka sallama daga aiki kuma fired ko sacked ake cewa.

Pursue yayar chase ce, amma mai manyan kaya. Follow tsohuwar kalmar Ingilishi ce ta gado, su kuwa chase da pursue daga Faransanci suka shigo bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066. Pursue tushenta ɗaya da sue da prosecute a Latin, duk daga kalmar da ke nufin bi. Za ka ji ɗalibi na cewa yana pursuing a degree, ba komai. Amma ranar da takarda ta zo daga wani kamfani tana cewa we will pursue this matter, kada ka ce wa kawu "sun ce za su bibiya". Ka ce masa maganar ta doshi kotu, a nemi lauya.

A kan titi ma bi tana da farashi. Manne wa motar gabanka, abin da suke kira tailgating, tararsa dirhami 400 ce da baƙin maki 4. Duk wanda ya taɓa hawa titin Sheikh Zayed ya san masu wannan hali.

Yanzu cross. Dubai gari ne da aka gina a kan tsallaka. Mashigin ruwan da ake kira Khor ya raba Deira da Bur Dubai, kuma kafin a buɗe gadar Al Maktoum a 1963, jirgin ruwa ne hanyar mai son hayewa, in ba zai yi dogon zagaye ba. Ramin Shindagha ya biyo baya a 1975. Har gobe ƙananan jiragen katakon nan suna haye da mutane a kan dirhami 1, kuma sunansu abra daga kalmar Larabci ta tsallakawa ya fito. A nan ƙa'idar mai sauƙi ce: cross the creek, cross the road, ba a sa mata komai a tsakani. Across kuwa ba aikatau ba ce, sai ta jingina da wata, kamar walk across.

Tsallaka titi a inda ba a ware ba, wato jaywalking, tararsa dirhami 400 ce. Sabuwar dokar hanya ta tarayya da ta fara aiki ranar 29 ga Maris 2025 ta ƙara tsanani: idan tsallakawar ta jawo haɗari, ana iya ɗauri ko tarar dirhami 5,000 zuwa 10,000, kuma hukuncin ya fi nauyi a titunan da ake gudun kilomita 80 a awa ko fiye. Baƙon da ya saba da ratsa titin Kantin Kwari da ɗaga hannu kawai, dole a ja masa kunne tun daga filin jirgi.

A banki kuma cross wata fuska take sakewa. Crossed cheque ceki ne da aka ja wa layi biyu a fuska, ma'ana sai dai a zuba kuɗin a asusu, ba a ba ka a hannu. Lafiyarsa ƙalau. Wanda aka soke shi ne cancelled, kamar yadda cross out ke nufin soke rubutu. Na ga mutum ya tayar da jijiyar wuya a shago don an miƙa masa ceki mai layi biyu, yana zaton an yi masa double-cross, wato cin amana. Idan kuma aka ce maka you have crossed the line, to ka wuce gona da iri.

Laifin fa ba na iyayenmu kaɗai ba ne. Mu da ke musu dariya, mu nawa ne muka san bambancin tsallaka da ƙetara da hayewa da gittawa? Ka tsallaka kwata, ka haye kogi, maciji ya gitta ta gabanka, mu kuma ga mu a ƙasashen ƙetare. Turanci ya tara waɗannan duka a bakin cross, mu kuma mun bi shi, sai ka ji yaro na cewa "Mama, zo mu yi crossing". Tafintan da ya san harshe ɗaya da rabi, rabin saƙo yake isarwa.

Shawarata ita ce a yi musaya. Ka koya wa Baba You owe me, shi kuma ya koya maka "bin diddigi" da "bin ba'asi". Wanda ke da irin waɗannan kalmomi daga Jidda, Landan ko Kumasi, ya aiko mana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.