Masu Gida A Gidan Aro

Duk wanda ya taɓa shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da Kano Pillars ke wasa, ya san kirarin nan na "Sai Masu Gida". To amma daga shekarar 2020 zuwa yau, masu gidan nan sun sha kwana a gidan aro. A shekarar ce aka mai da filin wurin killace masu cutar korona, sai kulob ɗin ya koma filin Ahmadu Bello na Kaduna, inda Ahmed Musa ya same su a 2021. Da suka dawo gida cikin Afrilun 2022, rigima ta ɓarke a wasansu da Katsina United, hukumar gasa ta kora su Abuja, kuma a ƙarshen kakar suka faɗa rukuni na biyu. A 2024 sai ga su a filin Muhammadu Dikko na Katsina.

In ana shawarar inda kulob zai koma, nisa ake fara dubawa. Katsina ba ta kai kilomita 200 daga Kano ba, Kaduna ta ɗara haka, Abuja kuwa ta wuce 400, kuma ba kowane magoyi baya ke da kuɗin mota ba. Wannan gaskiya ne. Amma mu a ganinmu akwai abin da ake mantawa da shi, wato ƙasar da ɗan wasa zai taka.

Filayenmu iri biyu ne, na ciyawar roba kamar wadda aka shimfiɗa a Ƙofar Mata, da na ciyawa ta gaske kamar na Abuja. A kan roba ƙwallo ta fi gudu, ta fi tsalle. Takalmi mai dogayen haƙora yakan cije a cikinta, ɗan wasa ya juya ƙafa ta ƙi juyawa, gwiwa ko idon sawu su ɗauki wahalar. Ga kuma zafi. Da bazara Kano kan kai awo 40, ana take wasa da ƙarfe huɗu, alhali baƙaƙen ɓarɓashin taya da ake zubawa cikin robar sun wuni suna shan rana. Bayan shekara takwas zuwa goma robar takan kwanta ta yi tauri kamar daɓe, sai an ɗaga ta an sa sabuwa.

Kada mai karatu ya ɗauka ciyawa ta gaske ita ce maganin komai. Ƙasar da rani ya fi damina tsawo, ciyawa sai da rijiyar burtsatse, da injin yanka, da mai kula kullum. Kamfanin Ɗangote ya biya kuɗin sabunta ciyawar filin Abuja, aka buga wasan Gana a kanta cikin Maris 2022, ba a daɗe ba ta lalace, Super Eagles suka tattara suka koma Uyo.

Saboda haka kulob ɗin da ke atisaye a kan roba duk mako, ranar Lahadi ya je ya buga a kan ciyawa, gidan nan na aro bai bambanta da gidan abokin hamayya ba. A cikin Kano ɗin ma akwai tsohon filin Pillars na Sabon Gari. In an gyara shi ya cika sharuɗɗan hukuma, zai yi amfani duk ranar da ake aikin gyara a Ƙofar Mata. Sai dai in horo aka yi wa kulob saboda halin 'yan kallo, kamar yadda aka sake yi a Oktoban 2025 bayan wasa da Shooting Stars, to Sabon Gari ba za ta hana tafiya Katsina ba.