Shin Ko Kun San? Hayaƙi da Cunkoso a Parakou da Djougou

Shin ko kun san tun kafin mota ta shigo ƙasar Benin, Djougou zango ce ta fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayo goro? Hanyar tana nan da ranta, sai dai tireloli sun karɓi aikin jakuna. Titin da ya taso daga Parakou, mai tsawon kilomita kusan 135, a Djougou yake haɗuwa da wanda ya miƙe Natitingou har iyakar Burkina Faso.

Ko kun san layin dogon da ya taso daga Kwatano, mai kilomita 438, ya iso Parakou tun 1936, kuma a nan ya tsaya cak? Shi ya sa shekara da shekaru a garin aka riƙa sauke kayan Nijar a loda wa manyan motoci zuwa Malanville da Gaya. Ko bayan rufe iyakar Benin da Nijar a 2023, motocin auduga da na hatsi ba su daina ratsa gari ba, ga kuma jama'a: ƙidayar 2013 ta nuna gundumar Parakou da ta Djougou kowacce ta haura mutum 250,000.

Ko kun san mafi yawan 'yan kabu-kabu, waɗanda ake kira zemijan, ba a gidan mai suke shan fetur ba? Man bumburutu suke saye, wato kpayo, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya. Ku tsaya kusa da kasuwar Arzeke ta Parakou ku gani: tebur a bakin titi, kwalabe jere cikin rana, yaro ya ɗora mazurari a bakin tanki, ya shimfiɗa ƙyalle don tace datti, ya tuttula. Tururin man nan, mai ɗauke da sinadarin benzin da ke jawo sankarar jini, shi yake shaƙa daga safe har magariba. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin talauci ne ya zaunar da shi a wurin. A Satumban 2023 gobara a wani rumbun kpayo a Seme-Krake ta kashe mutum fiye da 30.

Ko kun san a 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta bayyana cewa ta gwada man dizal a ƙasashen Afirka takwas, har da Benin, ta tarar da farar wuta a wasu samfurori ta ninka abin da Turai ta yarda da shi sau ɗaruruwa?

Ga hunturu kuma. Ƙurar da ke turnuƙe garuruwan nan daga Disamba zuwa Fabrairu, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Idan ta gauraya da hayaƙin salansa da na gawayi da na ƙona bola, masu asma da tsofaffi da jarirai ne ke fara jin jiki.

Tun Maris 2024 'yan sanda suka matsa kan hular kwano, har ga fasinjan babur. Madalla da hakan, amma hula kai take karewa, ba huhu ba. Direbobi, ku riƙa kashe inji idan kun tsaya lodi. Iyaye mata, ku matsar da goyonku daga bakin salansa da teburin mai.