Kafin ka buɗe sana'ar kocin lafiya a Wuse, san iyakarka

Duk wanda ya bi titin Aminu Kano ko na Adetokunbo Ademola a Wuse II zai ga wuraren motsa jiki, gidajen tausa da shagunan shayin rage ƙiba a jere. Cikinsu akwai wata sabuwar sana'a, ta kocin lafiya: mutumin da ake biya ya riƙa bibiyar cinka da barcinka, motsa jikinka da kwanciyar hankalinka. Buƙatar gaskiya ce. Ma'aikacin Abuja yakan yini a kujera, ya ɓata awanni a cunkoson hanyar Nyanya ko Kubwa, ya ci abin da ya samu, har hawan jini ko ciwon suga ya sallamo. Likita kuma layi ya yi masa yawa, ba shi da lokacin zama ya ji yadda kake rayuwa.

Galibin masu shiga sana'ar da zuciya ɗaya suke shiga. Wata ta yi fama da ƙiba bayan haihuwa har ta shawo kanta, wani kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya ɗauke masa mahaifi, ya yi alwashin wayar da kan jama'a. Niyya ce mai kyau, amma abin da ya yi wa jikinka amfani ba lalle ya karɓi jikin wani ba. Sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Ga yadda aikin yake in an yi shi daidai. Ma'aikaciya ta zo tana kukan gajiya da nauyin jiki. Koci zai zauna ya tambaye ta me ta ci jiya, ƙarfe nawa ta kwanta, lemon kwalba nawa take sha, dunƙule nawa take jefawa a miya. Sai su yi shawara a kan abu ɗaya ko biyu da za ta iya: tattakin rabin awa bayan la'asar, rage gishiri, ajiye waya kafin barci. Ƙarshen mako ya kira ya ji inda aka kwana. Ma'aunin ma a bayyane yake, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kuma gishirinsa kada ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya.

Daga nan iyaka ta fara. Koci ba ya gano cuta, ba ya rubuta magani, ba ya cewa a daina ƙwayar hawan jini ko allurar insulin don an fara shan wani jiƙo. Wannan hurumin likita ne mai lasisin hukumar likitoci ta MDCN. Wanda ya zo da ciwon ƙirji, kumburin ƙafa, rama ba dalili ko zancen kashe kansa, asibiti za a tura shi nan take, ga Asibitin Gundumar Wuse nan a Zone 3. Mai juna biyu da mai ciwon ƙoda kuwa, kada a sauya musu abinci sai da sanin likitansu.

Takardar shaidar da ake samu ta intanet cikin 'yan makonni ba lasisin duba marasa lafiya ba ce. Ko ƙungiyar ICF da aka kafa a Amurka a 1995, wadda ta yi suna wajen tantance masu horarwa, mai zaman kanta ce, ba ta mayar da kowa likita. Rajistar hukumar kamfanoni ta CAC ita ma sunan kasuwancinka kawai take tabbatarwa. Saboda haka kada ka liƙa wa kanka "Dakta" ko ka sa farar riga don jawo kasuwa.

Inda aka fi zamewa shi ne sayar da kaya, domin ribar shayi da ƙwayoyi ta fi ta shawara saurin shigowa. Hedikwatar NAFDAC tana nan Zone 7, kan titin Olusegun Obasanjo, kuma duk abin sha ko na shafawa da za ka sayar sai ya bi ta hannunta. A lura, lambar da take bai wa yawancin magungunan gargajiya, mai ƙarewa da harafin L, izini ne na ɗan lokaci da ke nuna an gwada ba a ga cutarwa ba. Ba shaida ce cewa maganin yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa ba. Kalmar "na ganye ne" ma ba kariya ba ce: hukumomin ƙasashe da dama sun sha gano sinadarin sibutramine ɓoye cikin kayan rage ƙiba, alhali tun 2010 aka janye shi a Turai da Amurka saboda haɗarin bugun zuciya.

Labarin Belle Gibson ta ƙasar Ostareliya ya isa darasi. Ta tara mabiya da dukiya da iƙirarin cewa abinci ne ya warkar mata da kansar ƙwaƙwalwa. A 2015 ta amsa cewa ba ta taɓa yin kansar ba, a 2017 kotu ta ci ta tarar dalar ƙasar 410,000. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa marasa lafiya na gaskiya sun riga sun dogara da ita.

Akwai kuma tarkon da aka ɗana wa masu shiga sana'ar kansu. Za a gayyace ka taro a otal, a ce ka sayi kaya na maƙudan kuɗi, ka kawo mutum uku su ma su kawo nasu. Muddin kuɗin daga jawo mutane yake fitowa, ba daga aikin da ka yi ba, to ka tuna kukan da aka sha a damfarar MMM a 2016 da ta CBEX a 2025. Haka nan kada ka ci bashin hayar shekara a Wuse II ba ka da ko mutum biyar. Fara da waya da littafin rubutu, ka nemi ilimin abinci da na sauraron mutane a wurin masana.

Sirrin jama'a amana ne. Ɗora hoton mace na "da" da "yanzu" a Instagram ko WhatsApp ba da yardarta ba cin amana ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa.

Kai kuma mai biya, tambayi koci inda ya yi karatu, abin da ba ya taɓawa, da likitan da yake tura mutane wurinsa. In ya yi alkawarin raba ka da ciwon suga cikin wata ɗaya, ko ya ce ka ajiye maganin asibiti, tashi ka tafi. In an cuce ka, kai ƙara hukumar kare masu sayayya ta FCCPC, in kuma kaya ne suka yi maka illa, ka sanar da NAFDAC.

Mai shirin farawa, kafin ka karɓi kuɗin mutum na farko, rubuta a takarda abin da za ka yi masa, abin da ya fi ƙarfinka, farashinka da asibitin da za ka tura shi in ta ɓaci. Ku sa hannu ku biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.