Taya da Daɗin Zama a Ƙananan Motoci Masu Gudu: Ina Gaskiya, Ina Ji-ta-ji-ta?

Ba a cinikin mota a Kasuwar Kurmi, amma ana yi mata shari'a. Kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, har yau tana da masu sirdi da linzami, kuma hirar abin hawa ba ta yanke a rumfunanta ba. Idan ɗan kasuwa ya samu buɗi ya sayi ƙaramar mota mai gudu irin Golf GTI, ƙorafinsa na farko sananne ne: motar tana da wuta, tana da kyau, amma kafin ya fito daga Jakara ya hau babban titi ƙugunsa ya gaya masa. Daga nan kowa sai ya zama malami. Wannan ya ce a sauya rim, wancan ya ce a rage iska, wani ya ce, "Alhaji, nemi 'yar Beljiyam ka huta." Wasu maganganun gaskiya ne, wasu kuwa suna iya kai mutum asibiti.

Kafin a tace su, sai an iya karanta rubutun jikin taya. A ɗauki 225/45 R17. Lambar farko faɗin taya ne, milimita 225. Ta biyu tsayin bangon gefenta ne, kashi 45 cikin ɗari na faɗin, wato kusan milimita 101. Ta ƙarshe girman rim ne, inci 17. Wannan bangon gefen, da iskar da ke cikinsa, shi ke fara karɓar dukan rami kafin ya isa shokozoba.

"Babban rim ya fi daɗin zama"

Ƙarya ne. Ramin da taya ke zama a jikin mota ba ya ƙaruwa, don haka duk incin da aka ƙara wa rim daga bangon taya ake cire shi. Golf GTI ta takwas tana zuwa da girma uku. Mai inci 17 bangonta ya kai milimita 101. Mai inci 18, wato 225/40 R18, milimita 90 ne. Mai inci 19, wato 235/35 R19, kusan milimita 82 ne. A kwatanta da GTI ta farko da Volkswagen ya fitar a 1976: rim ɗinta inci 13 ne, tayarta 175/70, bangonta ya haura milimita 122. Irin wannan girman ne a ƙarƙashin wasu tsofaffin Golf 3 da ke jigilar mutane tsakanin Kano da garuruwan kewaye, shi ya sa suke haɗiye gargadar da ke wahalar da sabuwar mota.

Siririn bango yana da amfaninsa. Ba ya lanƙwashewa sosai a kwana, sitiyari yana amsawa nan take, mota tana kama titi mai laushi da kyau. Amma a hanyar da damina ta ci, kamar ɗora sirdi ne a kan doki babu shimfiɗa: mahayi na ji, abin hawan ma na ji. Idan taya ta faɗa rami da ƙarfi, rim yana matse bangon ya tsinka zaren ciki, sai ƙulu ya fito a gefe. Wannan ƙulun ba ya facuwa, ko da mai faci ya rantse. Taya mai ƙulu ta gama aiki.

"Haka motar take, babu abin da za a iya yi"

Nan akwai gaskiya, amma ba duka ba. Da gangan aka yi irin waɗannan motoci da tauri. GTI ta fi Golf ta gama-gari kusanci da ƙasa da kimanin milimita 15, sifirin ɗinta ma ya fi ƙarfi, don kada ta yi tangaɗi a guje. Babu tayar da za ta mayar da ita Camry. Sai dai mai rim inci 19 da ya sauko zuwa 17 ya ƙara kusan milimita 19 na bango tsakaninsa da rami, kuma jikinsa zai shaida. Wasu motocin ma suna zuwa da shokozoba mai saiti, wadda Volkswagen ke kira DCC, ana sassauta ta daga allon gaban direba.

Sharaɗi biyu ne. Na farko, rim ɗin da za a sa ya wuce kan birki ba tare da ya goge shi ba, domin birkin motar gudu babba ne, ba kowane ƙaramin rim ke shiga ba. Na biyu, tsayin ƙafar gaba ɗaya ya zauna kusa da na asali, in ba haka ba agogon gudu zai riƙa ƙarya, taya kuma tana iya gugar jikin mota. Girman da kamfani ya amince da shi yana cikin littafin motar.

"Rage iska, mota za ta yi laushi, kuma ba za ta fashe a zafi ba"

Wannan ita ce mafi haɗari a cikin maganganun. Laushin da ake ji na ɗan lokaci ne. Taya marar isasshiyar iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana raba roba da zarenta. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa maki 40, direban da ya rage iska ya hau hanyar Zariya ko ta Katsina shi ne ya gayyato fashewar da yake gudu. Ga ƙarin shan mai, ga cinyewar gefe biyu na taya, ga rim da ke saurin lotsewa.

Gaskiyar da ke cikin zancen ita ce iska tana ƙaruwa idan taya ta ɗau zafi. Masu ƙera taya sun san da haka, sun kuma yi lissafinsa. Don haka ba a sace iskar tayar da ta sha tafiya. Da safe ake aunawa, kafin mota ta yi nisa.

Cika iska fiye da kima shi ma kuskure ne, kuma yana cikin abubuwan da ke sa mota dukan ƙugu. Lambar da ke jikin taya, 44 ko 51 a ma'aunin da masu faci ke aiki da shi, iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke buƙata ba. Naka yana kan ƙaramar takardar da aka manna a bakin ƙofar direba ko a murfin tankin mai. A nuna wa mai faci ita, a kuma ce ya sa geji, kada ya auna da dukan ƙafa.

"'Yar Beljiyam ta fi sabuwa ƙwari"

Maganar 'yar Beljiyam, wato tsohuwar tayar da aka shigo da ita daga waje, tana da asali. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008, kasuwa ta koma hannun kayan waje, mai kyau da marar kyau. Wanda ya taɓa sayen sabuwar taya marar inganci yana da dalilin zargi. Amma hakan bai wanke tsohuwa ba. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su. Babu mai iya faɗa maka tarihin wadda ke gabanka: rami nawa ta faɗa, ko wata nawa ta yi a matse cikin kwantena.

Akwai kuma tayoyin hunturu da ke biyo kayan Turai. Ana gane su da hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a tsakiya. An yi robarsu don sanyin da ya gaza maki 7. Da farko za ka ji laushi, amma a kwaltar Kano suna saurin cinyewa, birki kuma yana ƙara nisa kafin ya tsayar da mota. A kula da wadda aka sake sassaƙa wa zane aka shafe ta da baƙi. A tayar ƙaramar mota babu robar da ta rage don sassaƙa, wuƙar kusa da zare take bi.

"Taya tana da ranar lalacewa a jikinta"

Kusan gaskiya. Abin da ke rubuce ranar ƙerawa ce. A nemi layin da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana wa'azin shekara huɗu daga wannan rana. Michelin kuwa shawararsa ita ce a riƙa kai taya ga masani kowace shekara bayan ta cika biyar, kuma kada ta wuce goma ko da zanenta bai cinye ba. Bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafi da rana kuma suna gaggauta tsufan. Tayar da ta shekara biyar a shago ba sabuwa ba ce, ko da ledarta na jiki.

"In biyu za ka saya, sa su a gaba"

Masu wannan magana suna cewa ai Golf da ƙafar gaba take ja. Haka ne, amma manyan kamfanonin taya baya suke cewa a sa sababbin. Idan gaba ya zame a ruwan Agusta, direba yana ji a sitiyari ya sassauta. Idan baya ne ya zame, mota juyawa take yi, kuma ba kowa ke iya dawo da ita ba.

Hukuncin a taƙaice shi ne: mai son daɗin zama a titunan cikin birni ya zaɓi mafi ƙanƙantar rim da motarsa ta yarda da shi, ya sa iskar da kamfani ya rubuta, ya auna ta da safe aƙalla sau ɗaya a wata. Kafin ka biya kuɗin taya, Malam, durƙusa ka karanta girmanta da shekararta da idonka, ka shafa gefenta ka ji ko da ƙulu. Mai sayarwa ba zai kasance a cikin motar ba ranar da za ka ɗauki iyalinka.