Yadda Baƙin Sabon Gari da Samaru Suka Zama 'Yan Gida

Jirgin ƙasa ne ya haifi Sabon Garin Zariya. Da layin dogo ya iso wajajen 1911, ya kwaso akawu-akawu da makanikai da 'yan kasuwa daga Kudu. Turawan mulki ba su so baƙin su cuɗanya da mutanen cikin ganuwa ba, sai suka yanka musu filaye kusa da tashar jirgi, a ƙetaren kogin Kubanni. Sun yi nufin raba jama'a, amma neman abinci ya fi ƙarfin wannan nufi.

Abin da baƙo ke fara koya shi ne harshe, kuma kasuwa ce makarantarsa. Matar da ta taso daga Ofa ko Aba da kayan koli ba ta daɗe ba ta gane cewa a nan gaisuwa ke gaba da ciniki. Sai an tambayi kwana da gajiya da iyali kafin a taya kaya, kuma "albarka" ba ta nufin ciniki ya mutu. 'Ya'yan da ta haifa a unguwar Muciya sun tashi suna jin Hausa kamar jakin Kano, su yi harshen iyayensu a gida, su yi Turanci a aji.

Sana'a kuwa da wuya baƙo ya shige ta shi kaɗai. Saurayin Ibo kan sauka wurin ɗan garinsu mai shagon kayan gyaran mota ko magunguna, ya yi masa hidima shekaru, sannan a sallame shi da jari. Kafin lokacin ya san wanda ake ba bashi, ya san cewa ciniki na tsayawa idan an tafi masallacin Juma'a, ya san yadda kasuwa ke juyawa da azumi. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya suna tara adashi, su ɗauki nauyin biki da jana'iza, shugabanninsu kuma, irin su Sarkin Yarbawa, su shiga tsakani idan saɓani ya taso. Yarbawa Musulmi sun fi saurin sajewa, domin sahun salla ɗaya kan kai ga surukuta.

Baƙin Samaru ilimi ne ya kawo su. An kafa tashar binciken aikin gona a can a 1922, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962 ƙarƙashin Norman Alexander, ɗan New Zealand, malamai kuma suka zo daga Ingila da Indiya da Gana. Wasu sun ƙare zamansu a cikin harabar jami'a. Amma H. F. C. Smith, Baturen da ya jagoranci sashen tarihi, ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya assasa cibiyar tarihi ta Gidan Arewa a Kaduna a 1970, kuma ɗalibansa irin su Yusufu Bala Usman suka sauya yadda ake rubuta tarihin ƙasar Hausa.

Zaman bai rasa tabo ba. A rikicin 1966 an kashe Ibo da yawa a garuruwan Arewa, sauran suka gudu suka bar shaguna da gidaje. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 da dama sun dawo suka sake kafa jari.

Cikas mafi girma a yau yana ofis. Jikan ma'aikacin jirgin ƙasa da aka haifa a Sabon Gari, wanda ake kai wa naman layya shi ma ya kai shinkafar Kirsimeti, idan ya je neman gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a nemi takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Dole ya nufi garin kakansa ya karɓo ta, ko da bai taɓa kwana a can ba. Wannan rashin adalci ne ga mutumin da haraji da kasuwanci da kabarin iyayensa duk suke Zariya.